Guron Garba da na Maiwada

Da magina suka kwashe kayansu suka tafi, abin da ya rage na garkar Maiwada ɗan siririn fili ne tsakanin sabon bangon bulo da tsohuwar katangar ƙasa. Ya auna shi da ƙafa, ya sake aunawa da ƙotar fartanya. Kunya ɗaya zai ɗauka, ita ma sai an matse.

Ba a zalunce shi ba, kuma bai taɓa cewa an zalunce shi ba. Gidan na gado ne, a cikin garin Aliero. Rabon yayansa marigayi ya faɗa hannun Usmanu, ɗan yayan, kuma mafi yawan garkar a cikin wannan rabo take. Usmanu ya daɗe yana kawar da kai. Da ɗaliban jami'a suka cika gari, ɗakin haya ya zama abin nema, sai ya zo wata safiya ya durƙusa a bakin zaure ya ce, "Baffa, ina son in ɗan taɓa bayan gida." Maiwada ya ce Allah ya sa albarka. Shi da kansa ya kwance dangar karan.

Yanzu bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa da yamma yana watsewa. Iri biyu ne rataye a zaurensa, wuri kuma na ɗaya ne.

Maiwada ba manomi ba ne. Direba ne, ya ƙare ƙarfinsa yana ɗaukar albasa daga Aliero zuwa kudu. Garka ta aljihu ta shigo masa. Duk inda ya ci miya ta yi masa daɗi sai ya nemi irin abin da aka sa, ya ƙulle a leda, ya kawo gida ya shuka kusa da wanda yake da shi, ya ga wanda zai fi. Da haka ya yanke hukunci a kan abubuwa da dama. Jan sure, wato yakuwa, ya fi farin tsami, amma farin ya fi jure ƙishi, don haka ya riƙe farin. Tumatirin takarda da ya saya a wani shagon iri a Jega ya zuba 'ya'ya a shekarar farko har ana kyauta, da ya ɗebi iri a jikinsa ya sake shukawa sai kowane gindi ya fito da kamarsa, ya watsar da shi. Wani guro da ya ɗauko daga kudu ya yi tsawo har ya leƙa gidan maƙwabta, bai yi fure ba sai da ruwa ya ɗauke. Gauta kuwa ya gwada iri-iri, ya tsaya a kan ƙaramar mai ɗaci, saboda tsutsa ba ta damunta.

Duk waɗannan an gama da su. Guro ne kawai, wato kubewa a bakin mutanen gabas, aka kasa gamawa da shi, kuma Garba ne sanadi.

Garba mahauci ne, katanga ɗaya ta raba gidajensu, kuma shi ne mijin Rakiya, taubashiyar Maiwada, 'yar ƙanen mahaifiyarsa. A wancan zamanin magidantan layin suna ciyayya a gindin dogon yaron da ke ƙofar gida: bayan magariba kowa a fito da kwanonsa daga cikin gida, a haɗa a ci tare. Wata rana aka buɗe kwanon gidan Maiwada, Garba ya tsoma loma, ya ɗaga ta sama yana kallon yadda miyar ke zuba.

"Wanga guro ne, ko ruwan da anka wanke tukunya?"

"Guron Jega Firchin ne," in ji Maiwada. "Daga bayan ɗakin tsohuwata ya hito. Ba a saba ba mahauta shi ba, shi ya sa bakinka bai gane shi ba."

Mako bai zagayo ba Garba ya je Kashin Zama, ƙauyen mahaifiyarsa, ya dawo da iri a cikin hularsa. Gidansa tumaki sun cinye fili, saboda haka aka shuka a garkar Maiwada. Suka yi shawara a sa su kafaɗa da kafaɗa, kunya tana jingine da kunya, taki ɗaya, rana ɗaya, don kada wanda aka kayar ya ce ƙasa ce ta cuce shi.

Ko makaho ya san ba abu ɗaya ba ne. Na Maiwada dogo ne, siriri, mai haske, jikinsa sumul, yana saurin haihuwa, kafin gero ya fitar da kai an fara tsinkarsa. Na Garba gajere ne, kakkaura kamar babban yatsa, karansa ja, da gashi mai ƙaiƙayi wanda sai an naɗe hannu da tsumma. Yana da jinkiri, amma in ya shiga tukunya yauƙinsa sai an datse da bakin ludayi.

"Naka na masu gaggawa ne, awa tuƙinka," Garba yakan ce.

"Naka kuma sai an yi mai biko kahin shi haihu."

Rakiya ce mai dafawa, domin duk layin an yarda da hannunta. Tukunya biyu, daddawa ɗaya a raba, kanwa daidai, ba nama, saboda Maiwada ya ce nama yana rufa wa miya asiri. A fito da kwano biyu ba alama, mutane su ci su faɗi wanda ya fi. Bana a ce na Garba, baɗi a ce na Maiwada. Shekarar da Garba ya ci, Maiwada ya ce an raba wa alƙalai balangu a ɓoye. Shekarar da Maiwada ya ci, Garba ya ce ruwa ne ya yi gardama, a jira wata damina. Kowace kaka Maiwada yakan bar 'ya'yan da suka fi kyau a kowace kunya su bushe a jikin kara, ya ɗaure su dami biyu, na Garba da jan ƙyalle, nasa da fari, ya rataye a zaure.

Sannan gindin dogon yaro ya fara raguwa. Wani ya bi 'ya'yansa Birnin Kebbi. Wani ƙafa ta hana shi fitowa. Garba ya kwanta ciwo a wata damina, guronsa yana fure, bai ga 'ya'yan ba. Rakiya ta gama takaba, ɗanta Waliyyu ya zo ya ɗauke ta zuwa Maiyama inda yake aiki. Bayan shekara biyu Aishatu matar Maiwada ita ma ta rasu. Daga nan Hamdiyya, matar Usmanu, ita ke aiko masa da abinci, yana ci a zaure da rediyo a gefensa. Matasan layin ba su gaji ciyayya ba, kowa a ɗakinsa yake ci.

Bai daina shuka kunya biyun ba. Da safe yakan tsuguna tsakaninsu yana cire ciyawa, in ya ga na Garba ya makara sai ya ce, "To, ga halinka nan." In nasa ne tsutsa ta kama, sai ya juya wa ɗaya kunyar baya. A 'yan shekarun nan ya lura na Garba ya rage ƙaiƙayi, nasa kuma ya ɗan yi jiki. Ya ɗora wa takin zamani laifi, ya koma kashin awaki.

Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba. Tun wani zazzaɓi da ya kwantar da shi bara waccan, bakinsa ya mutu. Yana jin zafi da sanyi, yana jin yaji yana cizon harshe, amma ɗanɗano babu. Tuwo da miya duk kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ya yi ta jiran abin ya dawo, bai dawo ba.

Saboda haka, da ya zama dole a zaɓi ɗaya, ba shi da abin zaɓe. In ya shuka nasa, zai zama ya kayar da mutumin da ba ya nan balle ya kare kansa. In ya shuka na Garba don kara, Garba da kansa ba zai karɓi irin wannan nasara ba. Hukunci yake so na gaskiya, sau ɗaya, a rufe maganar.

Ya fara da na kusa. Yana da busasshen guron bara, dakakke, kowane a gwangwaninsa. Ya kira Hamdiyya ya miƙa mata, ya yi mata bayani dalla-dalla: tukunya biyu, ba nama. Ta karɓa da hannu biyu. Da azahar ta kawo kwano biyu ta ajiye, ta koma gefe ta durƙusa.

"Kin ɗanɗana?"

"Na ɗanɗana, Baffa."

"Wanne ya hi?"

"Duk sun yi daɗi."

"Ba daɗi nit tambaye ki ba. Wanne ya hi?"

Ta dubi kwanukan, ta dubi fuskarsa, tana neman inda amsar take. "Wanda kac ce, Baffa, shi ne."

Ya sallame ta. Da yamma ya tari Usmanu da zancen, Usmanu yana duba waya ya ce ai guro guro ne, in ma wurin bai isa ba a bari kawai, shi zai riƙa sayowa a kasuwa. Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Maiwada ya ce haka ne.

Washegari ya sa gwangwanayen biyu a buhun leda, ya sauko da damin iri biyu ya naɗe a tsohon rawani, ya fita bakin titi.

A tashar Jega, inda a da ba ya taku uku ba a kira sunansa ba, wani yaron mota ya kama hannunsa ya ce, "Baba, ina zuwa? Maiyama? Shiga baya, gaba an biya." Ya shiga baya, ya rungume buhunsa a cinya. Direban matashi ne, yana taka birki a makare, yana canza giya kamar yana faɗa da ita. Maiwada ya buɗe baki zai yi magana, ya fasa. Suka haye gada, gulbi ya janye ya bar yashi, masu lambu suna ta kwashe ƙarshen albasa kafin ruwa ya same ta.

Gidan Waliyyu sabo ne, da ƙofar ƙarfe, tsakar gidan an shafe ta da siminti tun daga bakin ƙofa har bayan ɗakuna. Waliyyu yana wurin aiki. Matarsa ta shimfiɗa tabarma a inuwar baranda, ta kawo ruwa, ta shiga ta kira tsohuwa.

Rakiya ta fito tana dafa bango. Ta rame, ta rage tsawo, amma idon yana nan. Ta tsaya ta ƙare masa kallo.

"Wa nika gani haka? Bawana, ashe kana da rai?"

"Ina da rai, tunda ban ci abincinki ba shekara da shekaru."

"Shi ya sa kak koma awa karan dawa. Zamna, kada iska ta ɗauke ka a ce ni ce."

Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, aka bi gidaje ɗaya bayan ɗaya, wanda ya rasu a yi masa addu'a, wanda ya tashi a faɗi inda ya koma. Da aka zo kan dogon yaro ta tambaya ko yana nan. Ya ce yana nan, masu cajin waya sun kafa rumfa a gindinsa. Sannan ya jawo buhu ya fito da gwangwanayen, ya faɗa mata zancen bango da kunya ɗaya.

Ba ta yi dariya ba, ko da yake ya zaci za ta yi. Ta ce wa surukarta ta kawo ƙananan tukwane biyu da gawayi. Yarinyar ta ce akwai gas. Rakiya ta ce ta sani.

Ta yi komai kamar da. Ta auna ruwa da ludayi ɗaya, ta raba daddawa da farce, ta jiƙa kanwa ta tsiyaye. Da ruwan ya tafasa ta barbaɗa garin guro tana kaɗawa da maburgi, tukunya ta farko, sannan ta biyu. Maiwada yana zaune yana kallon tururi. Ya san akwai ƙamshi a wurin, domin ya ga yarinyar ta leƙo daga kicin.

Rakiya ta ɗebo kaɗan a ludayi ta miƙa masa. "Taɓa ka ji min, gishiri ya ji?"

Ya taɓa da yatsa ya kai baki, ya ɗan jinkirta kamar mai nazari. "Ya ji daidai."

"Ban sa ba tukuna."

Ya ajiye ludayin a kan murfi. Ita kuma ta ɗauki gishiri ta zuba a tukwanen biyu, ba ta dube shi ba.

"Tun yaushe?" ta ce.

"Tun bara waccan."

"Kuma kana ta ba mutane wahala da tukunya biyu."

"Ai shi ya sa niz zo."

Ta sauke tukwanen. Ta ɗaga ludayi daga ta farko, ta bi zaren yauƙin da ido har ya tsinke. Ta yi haka da ta biyu. Ta ɗanɗana ta farko, ta kurkure baki, ta ɗanɗana ta biyu. Ta sa yarinyar ta sauya wa tukwanen wuri alhali ta juya baya, ta sake ɗanɗanawa. Ta daɗe tana motsa baki.

"Ba ka haɗa garin wuri ɗaya ba, wajen daka?"

"Ni da kaina nika tsayawa. In an daka ɗaya sai an wanke turmi."

"Miƙo min irin in gani."

Ya warware rawanin. Ta ɗauki damin jan ƙyalle ta kwance, ta baza busassun 'ya'yan a tabarma. Ta kwance na farin ƙyalle ta baza a gefensu. Ta bi su da yatsa. A kowane ɓangare akwai masu ɗan tsawo, akwai masu ɗan kauri, mafi yawa kuwa tsaka-tsaki ne, ba dogo ba gajere. Ta ɗauki ɗaya daga nan, ɗaya daga can, ta ɓoye hannu a bayanta ta juya su, ta miƙo masa.

"Wanne na Garba?"

Ya karɓa. Ya shafa su, ya kai kusa da ido, ya juya su ta rana. Shekara da shekaru yana ɗaure su yana kwancewa, bai taɓa ɗora su a tafin hannu ɗaya ba. Ƙyallen yake dubawa.

"Ga alama wanga," ya ce.

"Daga naka nid ɗauko shi."

Ya ajiye su a tabarma.

"Direba, abu ɗaya ne," in ji Rakiya. "A tukunya ɗaya ne, a tabarma ɗaya ne. Na Garba da nis sani, in na yanka shi hannuna kwana yake yana ƙaiƙayi. Naka kuma sai na ƙara mai kanwa a ɓoye kahin shi kama jikinshi. Wanga ba ko ɗaya cikinsu. Guro ne mai kyau, ban ce ba. Amma ɗaya ne."

"A ɓoye? Kanwa?"

"Don kada ka ji kunya gaban mutane. Bar wannan. Ubana, kawunka, in zai bar albasa ta yi hure don iri, ja tana gabas da gari, fara tana yamma. Ka taɓa tambayar dalili? Ƙudan zuma bai san wagga ta Garba ce waccan ta Maiwada ba. Ya tashi nan ya sauka can. Kun jera su jiki da jiki tun gashinku yana baƙi, kuna jiran kada su yi aure?"

"Don kada a ce ƙasa ta bambanta munka yi haka."

"To ƙasa ba ta bambanta ba. Mahauci da direba sunka haɗu za su yi noma."

"Ke da kin sani, mi ya hana ki hwaɗi?"

"Wa yat tambaye ni? Dahuwa anka ce in yi. Kuma lokacin da nika dahwa muku akwai bambanci. Yana raguwa, na ɗauka hannuna ne ke tsufa."

Ya tambaya ko za a sami na asalin a Kashin Zama. Ta ce mahaifiyar Garba ta daɗe da rasuwa, inda garkar take an yi rumfar ajiye albasa, jikokin kuma irin takarda suke saye kamar kowa. Shi bai tambayi na Jega Firchin ba. Ya san an sayar da gidan tun yana tuƙi.

Yarinyar ta kawo tuwo. Rakiya ta juye tukwanen biyu a kwano ɗaya ta tura masa, ta ɗebi nata a wani. Suka ci, shi a wannan bakin tabarma, ita a wancan. Ta ce miyar ta yi, ya yarda da maganarta. Ya cinye nasa tas, abin da ya daɗe bai yi ba.

Da ya wanke hannu ya ce, "In bar miki dami ɗaya. Nan da Aliero zuma ba ta kai wa. In an yi 'yan shekaru halan su sake rabuwa, ki riƙa dahwa naki ina kawo nawa."

Ta nuna tsakar gidan da haɓa. "A ina? Kan siminti? Ko barkono nis shanya sai an ce in kwashe, za a shigo da mota." Ta juyo ta dube shi. "Kuma 'yan shekarun nan da kaka lissahi, wa ya ba ka su?"

Ya fara tattara 'ya'yan guron. Ya tsaya da jan ƙyalle a hannu ɗaya, fari a ɗayan, domin an riga an cakuɗa na tsakiya.

"To in na shuka, na wa zan ce?"

"Ka ce guro. Wa zai tambaye ka?"

Ta rako shi har ƙofar ƙarfe, tana dafa bango. Ta ce ya gaida Usmanu da mai ɗakinsa, ya kuma riƙa cin abinci ko ba ya jin daɗinsa, don ba ta da wani bawan in wannan ya mutu. Ya ce ita ma ta rage faɗa, ko Allah ya sa surukarta ta huta. Ƙofar ta rufe a bayansa.

A hanyar dawowa ya sami gaba, kusa da direba, amma bai kula da tuƙin ba. Hadari ya taso ta gabas, baƙi ƙirin, iska tana kaɗa ledoji a kan titi. Kafin su shiga Jega an fara yayyafi. Ruwan bai sauka sosai ba sai da ya isa gida, ya yi kamar da bakin ƙwarya, ya jiƙa ƙasa har ƙasan ƙasa.

Da asuba bayan ya dawo masallaci ya zauna a zaure ya farfasa 'ya'yan guron duka a ƙoƙo ɗaya, ya sheƙe ƙaiƙayin, ya zuba ruwa ya zubar da waɗanda suka taso. Ƙyallayen biyu ya ninke ya sa a aljihu, don bai san abin da zai yi da su ba. Da gari ya waye ya ɗauki fartanya ya zaga baya.

Ya tayar da kunyar a tsakanin bangayen biyu. Sabon bangon yana tare rana har hantsi, abin da bai yi la'akari da shi ba sai yanzu. Ta tagar ɗaya daga cikin sababbin ɗakunan ana jin kiɗa a waya, wani ɗalibi yana wanke baki. Maiwada ya bi kunyar yana sara rami da bakin fartanya, yana jefa ƙwaya uku-uku, yana rufewa da diddige. Irin ya yi yawa, ko rabin ƙoƙon bai taɓa ba ya kai ƙarshe.

Hamdiyya ta zagayo da bokiti za ta zubar da ruwan wanke-wanke. Ta gan shi, ta rusuna ta gaishe shi, ta tambayi hanya da mutanen Maiyama. Har ta juya sai ta tuna.

"Baffa, wanne kaz zaɓa?"

Ya dubi kunyar daga wannan kai zuwa wancan.

"Na Garba," ya ce.

"Allah shi ba da albarka."

Ya gyara tsayuwa, ya dogara da fartanya. Yana da abin faɗa a kan haka: cewa na Garba ya fi yauƙi amma jinkirinsa ya yi yawa, cewa ba don wuri ya ƙare ba da an sake karawa, cewa ko yanzu ma shi bai ce nasa ya kasa ba. Amma Hamdiyya ta riga ta sha kwana, tana da tukunya a wuta.

Ya tsaya kaɗan. Sannan ya ɗauki ƙoƙon da sauran irin, ya nemi ƙaya ya jera a bakin kunyar saboda kaji.